Tsofaffin sulalla: sha'awa ce ko hanyar ajiyar dukiya?

A gidaje da dama na Damagaram, Maraɗi da Tawa, idan aka buɗe tsohuwar adakar kaka, akan tarar da wani farin sulai mai nauyi, ɗauke da hoton wata mace da shekarar 1780. Tsofaffi na kiran shi liyari. Yanzu da hotunan tsofaffin kuɗi ke yawo a WhatsApp da Facebook tare da labarin miliyoyi, magada na tambayar ko arziki ne ke kwance a ɗakinsu. Wasu ma sun fara saye suna ɓoyewa da fatan riba.

Matar da ke jikin sulan ita ce sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Bayan rasuwarta an ci gaba da buga shi ba tare da an canza shekarar ba, domin fatake a ƙasashen Larabawa da Afirka da wannan kamar suka yarda. An buga shi a Landan, Paris, Roma da Bombay, har adadinsa ya haura miliyan 300, kuma har gobe ana buga shi a Biyana, babban birnin Ostiriya. Ayarin Sahara ne suka kawo shi ƙasar Hausa, mata suka yi ado da shi, maƙeran Agadas kuma suka riƙa narkar da shi suna ƙera kayan ƙawa.

Ke nan shekarar da ke jikinsa ba shaidar tsufa ba ce. Nauyinsa giram 28 ne, kimanin giram 23 daga ciki azurfa ce zalla, kuma galibi farashinsa ba ya nisa da kuɗin wannan azurfar.

A kasuwar masu tara sulalla ta duniya, abu uku ne ke yanke farashi: ƙarancin sulan, lafiyar jikinsa, da yawan masu neman shi. Misali, a watan Yunin 2021 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da wani sulan zinariya na Amurka na 1933 a kan kusan dalar Amurka miliyan 19. An buga irinsa sama da dubu 400, amma gwamnati ta narkar da kusan duka, kuma shi kaɗai ne doka ta yarda wani mutum ya mallaka. A can akwai kamfanoni irin su PCGS da NGC da ke duba sulai su ba shi maki daga 1 zuwa 70. Wanda aka goge da toka ko lemun tsami don ya yi ƙyalli, darajarsa faɗuwa take yi.

Masu saye iri biyu ne. Mai sha'awa yakan bi tarihi: wuri, wanda daga jam'insa kalmar kuɗi ta fito, da tamma ta zamanin Faransa, da anini da kwabo mai huji na Ingila da suka tsallako ta iyakar Katsina, da sulallan bankin BCEAO shekara bayan shekara. Burin irin wannan mutum shi ne ya samu ɗaya daga sulallan tunawa da ƴancin kan Nijar masu hoton Diori Hamani da shekarar 1960. Yana saye kaɗan-kaɗan da abin da ya rage a aljihu, kuma ko farashi ya faɗi bai yi asarar abin da ya nema ba.

Mai neman riba kuwa lissafinsa daban ne, kuma yana da hujja. Waɗanda suka ga karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 sun san takardar kuɗi na iya zubewa dare ɗaya. Sai dai ƙarfe ma yana faɗuwa. A Janairun 1980 azurfa ta kusa dalar Amurka 50 kowane oza, amma kafin ƙarshen Maris ta zube ƙasa da rabin haka. Sulai ba ya haihuwa kamar tunkiya, ba ya kawo kuɗin haya kamar shago. A nan gida kuma ciniki baki da baki ne: ranar da buƙata ta taso, abin da mai saye ya taya shi ne farashi.

Ga kuma ƴan damfara. Akwai jabun liyari da ake yi da ƙarfe mai arha, akwai kuma masu kiran waya su ce wani Bature zai saya da miliyoyi, amma sai an fara tura kuɗin takardu. Duk mai sayen da ya nemi a biya shi kafin ya biya, a guje shi.

Wanda ya gaji sulai, ya fara kai shi wajen maƙerin azurfa a auna nauyinsa, a kuma gwada shi da maganaɗisu, domin azurfa ba ta kama shi. Kada a wanke, kada a huda, kuma a ji tayin mutum biyu ko uku kafin a sallama. Wanda kuma zai saya, ya saya da kuɗin da zai iya mantawa da su, ban da kuɗin hatsi ko na makarantar yara.