Motsi Ya Fi Laɓewa: Kimiyyar Gashin Ƙashi da Lafiyar Tsofaffi a Ƙasar Kunci

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa ƙasar Kunci, a arewacin Jihar Kano, cikin damina, zai ga gonaki manne da juna, babu saura babu daji, tun daga bayan gari har inda ido ya tsaya. Ƙasa ce da ake nomawa kowace shekara ba hutu, ana ciyar da ita da takin gida, ana shuka mata gero da dawa da gyaɗa da wake. To, yadda ƙasar ba ta hutawa, haka mai noma ta. Manomi yakan kama ƙotar fartanya tun yana yaro, ya shafe shekara hamsin a sunkuye bisa kunya. Maiɗakinsa kuwa ta shafe nata shekarun tsakanin turmi da taɓarya, da jan guga, da durƙuso a gaban murhu.

Idan shekaru suka ja, sai gwiwa ta fara ƙara, kwankwaso ya riƙe, sujada ta zama aiki. A nan ne 'ya'ya sukan taru, cikin tausayi da biyayya, su ce, "Baba, ka huta haka nan, ai ka yi mai wuyar." Sai a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a riƙa kawo masa ruwan alwala har inda yake. Kafin shekara ta zagayo, mutumin da ke takawa masallacin Juma'a da ƙafarsa ya koma sai an kama shi yake miƙewa. Jama'a su ce tsufa ne. Amma masana kimiyyar jiki sun gano cewa kaso mai yawa na wannan rauni ba tsufa ne ya kawo shi ba, zaman ne.

Abin da ke faruwa a cikin gaɓa

Jikin baligi yana da ƙasusuwa 206. Inda ƙashi ya haɗu da ƙashi, kamar a gwiwa ko katara, bakin kowannensu yana lulluɓe da guringuntsi mai santsi, sa'an nan akwai wani ruwa mai yauƙi da ke tsakaninsu yana hana gogayya. Abin mamaki shi ne, guringuntsi ba shi da hanyoyin jini. Abincinsa daga wannan ruwa yake samu, kuma ba ya samu sai gaɓar ta motsa. Idan mutum ya taka, guringuntsi ya matse kamar soson wanka, ya fitar da ruwan da ke cikinsa. Idan ya ɗaga ƙafa, sai ya sake tsotso sabo. Gaɓar da aka hana motsi, ke nan, an hana ta abinci.

Ciwon da aka fi sani da amosanin gaɓɓai, wanda wasu ke kira sanyin ƙashi, yana samuwa ne idan guringuntsi ya yi sirara ya kuma yi kaushi, bakin ƙashi ya yi tsiro, gaɓar ta riƙa kumbura tana sagewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da shi a duniya, kashi 73 cikin 100 sun haura shekara 55, kashi 60 cikin 100 kuma mata ne. Gwiwa ita ce gaɓar da ya fi kamawa. Ciwon baya kuwa ya ma fi shi yawa, domin a shekarar 2020 ya shafi mutum miliyan 619, kuma shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke hana mutane aiki a duniya.

Tsoka ita ce mai gadin gaɓa

Gaɓa ba ta ɗaukar nauyin jiki ita kaɗai. Tsokar gaban cinya ita ke tare wa gwiwa girgizar kowane taku, kamar yadda gammo ke tare wa kai nauyin tulu. Daga shekara 30 zuwa sama, mutum yakan yi asarar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a duk shekara goma, kuma asarar tana ƙara sauri bayan shekara 60. Kwanciya tana ninka wannan asara. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007, an kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya a gado na kwana goma kacal, sai aka tarar, a matsakaicin lissafi, mutum ya rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu.

Daga nan mai karatu zai gane tarkon da dattijon zaure ya faɗa. Gwiwa ta yi ciwo, ya daina tafiya. Rashin tafiya ya cinye tsokar cinya. Raunin cinya ya bar gwiwa ba mai tare mata, ciwo ya ƙaru, shi kuma ya ƙara zama. Ƙashi ma haka yake, ba ya riƙe ƙwarinsa sai yana ɗaukar nauyi. Wannan ya fi shafar mata, waɗanda ƙashinsu kan yi saurin rasa ƙwari bayan ɗaukewar al'ada.

Abin farin ciki shi ne tsoka ba ta tsufa da koyo. A shekarar 1990, wata likita mai suna Maria Fiatarone da abokan aikinta suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a wani gidan kula da tsofaffi a birnin Boston. Mutum goma ne, masu shekara 86 zuwa 96, aka sa su ɗaga nauyi da ƙafa na mako takwas. Tara da suka kammala, ƙarfin cinyarsu ya kusa ninkawa sau uku. Idan ɗan shekara 90 zai iya haka, manomi ɗan shekara 65 da ya saba da wahala ba shi da dalilin yanke ƙauna.

Mene ne gashin ƙashi?

Fannin kiwon lafiya da ke kula da motsin jiki shi ake kira fisiyotarafi. A Kano an fi saninsa da "gashi" ko "gashin ƙashi", domin abin da ido ya fi gani a sashen shi ne fitilar zafi da na'urorin ɗumama jiki. Amma wannan suna ya ɓoye mafi girman aikin. Ɗumi yana sassauta tsoka ya rage raɗaɗi na ɗan lokaci, ba ya kuwa ƙara wa cinya ƙarfi ko kaɗan. Ainihin maganin shi ne atisayen da aka auna daidai da jikin majiyyaci.

Likitan gashi yakan fara da tambaya da gwaji. Zai duba iyakar lanƙwasuwar gaɓa, da ƙarfin tsoka, da yadda mutum ke miƙewa da yadda yake taku. Sa'an nan ya tsara masa atisaye iri uku: na ƙarfafa tsoka, na sassauta gaɓar da ta sage, da na daidaita tsayuwa don kada a faɗi. Yakan kuma duba sana'ar mutum. Ga manomi, zai ba da shawarar a riƙa miƙewa akai-akai yayin noma maimakon a kai ƙarshen kunya a sunkuye, a ɗaga buhu da lanƙwasa gwiwa ba da lanƙwasa baya ba, a kuma raba babban kaya gida biyu.

Wannan fanni ya shigo Nijeriya a 1945, ta hannun wasu Turawan Ingila biyu da suka yi aiki a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas. Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a kansa a 1966. A Arewa kuwa, Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, shi ne ya zama cibiya. A harabarsa aka fara makarantar horar da likitocin gashi, wadda daga baya ta koma ƙarƙashin Jami'ar Bayero. A yau akwai sashen gashi a Dala, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala.

Darasi daga Tsakuwa

Sai dai duk waɗannan asibitoci a cikin birni suke. Dattijon da ke wani ƙauye na Kunci, wanda hawa babur kaɗai azaba ne a gare shi, ba zai iya jigilar zuwa birni kowane mako ba, ga kuɗin mota, ga na ɗan rakiya. Wannan matsala ce ta sa wasu masana fannin, Aminu Ibrahim da abokan bincikensa na Jami'ar Bayero, suka ɗauki aikin suka kai shi karkara. A garin Tsakuwa na Ƙaramar Hukumar Dawakin Kudu, inda rayuwar noma ta yi kama da ta Kunci, suka tara mutum 120 masu tsohon ciwon baya, manya maza da mata, suka raba su gida uku. Rukuni na farko aka koya musu atisayen ƙarfafa tsokokin ciki da na baya. Na biyu aka yi musu bayani a kan yadda baya yake da abin da ke kawo ciwonsa. Na uku aka haɗa musu duka biyun. An yi mako takwas ana wannan aiki, aka wallafa sakamakon a 2023. Dukkan rukunan sun sami sauƙi, amma waɗanda aka haɗa wa atisaye da ilimi su suka fi samun raguwar ciwo da komawa harkokinsu.

Darasin a fili yake. Ba na'ura mai tsada ce ta yi aikin ba. Tabarma ce da malami da fahimta. Mutumin da ya gane cewa ciwon baya ba alamar karyewar baya ba ne, tsoro yakan sake shi, ya motsa, motsin kuma ya taimaka masa.

Faɗuwa, babbar barazana

Tsayuwar mutum a kan ƙafa biyu ta dogara ga abu uku: gani, da wani sashe na can cikin kunne mai auna karkatar kai, da jijiyoyin tafin ƙafa da gaɓɓai masu sanar da ƙwaƙwalwa inda ƙafa take. Duka ukun suna raguwa da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin uku na masu shekara 65 zuwa sama yakan faɗi a kowace shekara. Mafi munin sakamako shi ne karayar ƙashin katara, wadda kan kwantar da tsoho, kwanciyar kuma ta jawo gyambon baya da ciwon huhu. A Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan an tsara wani atisayen cikin gida na ƙarfafa ƙafa da daidaita tsayuwa, aka tarar ya rage faɗuwar tsofaffi da kimanin kashi 35 cikin 100.

A gidan karkara, wuraren haɗari sanannu ne: dokin ƙofa mai tsawo, santsin makewayi, bakin rijiya, turken awaki da igiyarsa, da fita alwalar asuba cikin duhu. Cocila a kusa da shimfiɗa, da takalmi mai kama dunduniya, da abin dafawa a makewayi, duk rigakafi ne. Sanda ma tana da ƙa'ida. Tsawonta ya tsaya daidai wuyan hannu idan mutum ya miƙe ya saki hannunsa, kuma a riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ba ɓangaren ƙafa mai ciwo ba.

Hattara da maganin kemis

Yawancin tsofaffi sukan nemi sauƙi a wajen mai kemis ko mai tallar magani a kasuwa. Ƙwayoyi irin su diclofenac da ibuprofen suna kashe ciwo, amma yawan shansu yana kawo gyambon ciki, ya raunana ƙoda, ya tayar da hawan jini. Haɗin da ake sa dexamethasone a ciki kuwa yana ƙara wa ƙashi rauni, wato yana rusa abin da ake son gyarawa. Bugu da ƙari, akwai alamomin da ba sa jiran gashi ko ƙaho ko ɗori: ciwon baya tare da zazzaɓi ko rama, kasa riƙe fitsari ko bayan gida, mutuwar ƙafa, gaɓar da ta kumbura ta yi zafi farat ɗaya, kasa taka ƙafa bayan faɗuwa, da karkacewar baki ko raunin ɓarin jiki. Waɗannan sai asibiti, ba tare da ɓata lokaci ba.

Aikin ɗalibi da malami

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta nemi tsofaffi su sami aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, da atisayen daidaita tsayuwa da ƙarfafa tsoka kwana uku a mako. Wannan bai wuce tafiyar minti 30 a kwana biyar ba, kuma ana iya rarraba ta tsakanin masallaci da kasuwa da gidan zumu.

Akwai gwaji mai sauƙi da likitocin gashi ke yi, wanda ɗalibi zai iya yi wa kakansa da agogo da kujera. A auna mita uku daga kujerar. Tsoho ya miƙe, ya taka zuwa alamar, ya juyo ya zauna, wani yana biye da shi don tsaro. Idan abin ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye, alama ce ta haɗarin faɗuwa, ya kamata ma'aikacin lafiya ya duba shi. Miƙewa da zama a kan kujera sau goma, safe da yamma, da miƙar da gwiwa a zaune a riƙe na ɗan lokaci, da tsayuwa a kan ƙafa ɗaya ana dafe da bango, duk atisaye ne da ba su bukatar ko kwabo. A fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa. Ɗan tsamin jiki ba laifi ba ne, amma idan ciwo ya tsananta ya kwana ya wuni, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ya ɗaure, sai a dakata a nemi shawara.

Kammalawa

Tsohon da ke kan ƙafarsa shi ke zuwa ɗaurin aure da jana'iza, shi ke sasanta rikicin iyakar gona, shi ke duban sama ya ce shuka ta yi ko ba ta yi ba. Ranar da ya koma zaure, gida da gari sun yi rashi tun yana raye. Girmama iyaye wajibi ne, kuma ɗauke musu buhu da garma daidai ne. Amma ɗa na gari ba ya ɗauke wa mahaifinsa tafiya. Maimakon ya kawo masa buta har tabarma, gara ya miƙa masa hannu ya ce, "Baba, tashi mu taka zuwa masallaci."