Ajiye Bindiga a Gida Don Tsaro: Me Doka ta Ce?

'Yan'uwa, a zagayen da muke yi cikin ƙauyuka, da wuya mu tashi taro ba a ɗauko zancen tsaro ba. Wanda aka taɓa ƙona masa rumbu, ko ya kwana a jeji da mata da yara, ba sai an gaya masa zafin abin ba. Don haka idan magidanci ya ce zai nemi bindiga ya ajiye a ɗaka, ba mu ganin wautarsa. Sai dai mun lura da yawa ba su san inda doka ta tsaya ba, kuma "ban sani ba" ba ta fid da mutum a gaban alƙali.

In magana ta kai kotu, tambaya biyu ake yi, kowace da hukuncinta. Wa ya ba ka izinin riƙe wannan bindiga? Sa'an nan, yadda ka yi amfani da ita daidai ne? Mutum yana iya tsira a ta biyu, a yarda kare kansa ya yi, amma ta farko ta kai shi kurkuku.

Dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta raba su kashi uku. Kashi na ɗaya su ne irin na soja, kamar AK-47, har da fistol. Waɗannan Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da izininsu, wanda aka kama da su ba izini kuwa ɗaurinsa ba ya kasa shekara 10. Kashi na biyu su ne irin na farauta, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne na gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, wato harba-ka-ruga, kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha yana da ikon hana riƙe su sai da lasisi. Harsashi ma yana bukatar izini. Akwai kuma dokar fashi da makami ta 1984, wadda ta yanka tarar N20,000, ko ɗaurin da bai kasa shekara 10 ba, ko duka biyu, a kan riƙe bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Ba sai ka harba ba. Samun ta a ƙarƙashin gadonka ya isa.

Kada kuma mu dogara ga maganar manya a rediyo. A 2022 gwamnan Zamfara na lokacin ya ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, nan take Babban Hafsan Tsaro ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A 2023 kuma Sufeto Janar ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Maganar gwamna, ko ta hakimi, ko katin ƙungiyar 'yan banga, ba ɗayansu da ya zama lasisi.

Wani saurayi ya taɓa tambayarmu a kan abin nan da suke gani a fim, wanda ake ɗaura wa bakin bindiga ya rage ƙara, ana ce da shi salansa kamar ta babur. Ko a Amurka, inda doka ta yarda mutum ya ajiye bindiga a gida, tun 1934 sai an yi wa salansa rajista a wurin gwamnatin tarayya. Jihohi irin su Kalifoniya sun hana ta ɗungum, kuma wanda ya aikata wasu manyan laifuffuka da bindiga mai salansa, mafi ƙarancin ɗaurinsa shekara 30 ne. A ganinmu duk inda aka je, mai gabatar da ƙara zai tambaya: mai tsaron gidansa, me ya sa ba ya so maƙwabta su ji? A ƙauye ma ai ƙarar ce ke tashin mutane su kawo gudummawa. A nan gida doka ta hana datse bakin bindigar farauta ya kasa inci 20, ta kuma hana ƙera bindiga ko gyara ta ba da izini ba. Maƙeri da mai kai masa aiki, su biyu suna cikin hatsari.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi wuya. Kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 33, da dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa, sun yarda mutum ya kare ransa, da na iyalinsa, da dukiyarsa. Har kisa doka tana iya yafewa idan akwai tsoron mutuwa ko mummunan rauni, ko an fasa gida da dare, ko an zo sa masa wuta. Amma da sharaɗi: kada ɓarnar da ka yi ta wuce abin da kariya ke bukata, kuma da hatsarin ya wuce, izinin ya ƙare. Ɓarawon da ya juya baya yana gudu, in ka bi shi ka harbe, alƙali ba zai kira wannan kariya ba.

Shari'ar wani manomi a jihar Adamawa ta nuna ƙuncin wannan hanya. An kai masa hari da wuƙa a gonarsa, ya ji rauni, ya ƙwace wuƙar, ya soki maharin ya mutu. A 2021 Babbar Kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa, a kan cewa tun da ya ƙwace makamin yana da damar gudu. A watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin. Mutane da yawa sun ce ba a yi adalci ba, mu ma abin ya tsaya mana a rai. A ƙarshen shekarar gwamna ya yi masa afuwa, bayan ya shafe kimanin shekara 10 a tsare. Wannan fa wuƙar maharin ce, ba bindigar da aka saya a ɓoye ba.

Ga masu lasisi kuma, lasisi na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya. Ba a ara wa ƙane ya je gadi da ita, kuma ba a gadonsa kamar gona. Muna roƙon dattawa da zumuntar mata su duba wannan, gama akwai gwauraye da ke kwana da bindigar marigayi a bayan randa, suna tsammani takardarsa ta rufe su. In akwai irin wannan a gidanku, kada a ɗauko ta a bi hanya da ita. A fara sanar da mai unguwa, a je caji ofis tare da shi da tsohon lasisin, a nemi 'yan sanda su zo su karɓa, a kuma karɓi takardar shaida mai lambar bindigar da kwanan wata.