Sankarar bakin mahaifa: Yadda "sanyi" ke ɓata wa matan Adjamé lokaci

A shirin lafiya da nake gabatarwa a gidan rediyo, kusan kowane mako sai wata mata ta bugo waya da kuka iri ɗaya: ruwa mai wari, ciwon mara, ko ganin jini bayan saduwa da maigida. In ka tambaye ta me ta yi a kai, sai ta ce sanyi ne, ta sayi jiƙo a kasuwar Adjamé.

Wata makwabciyarmu mai sayar da atamfa ta yi shekara guda cur tana shan irin wannan jiƙo. Jinin da ya dawo mata bayan ta daina al'ada, kunya ta hana ta faɗa wa kowa. Ranar da aka kai ta sashen masu ciwon daji na babban asibitin koyarwa na Treichville, cutar ta riga ta ci jiki. Allah ya jiƙanta.

Sankarar bakin mahaifa ita ce ta biyu a jerin ciwon dajin da ke kama mata a Kodebuwa, bayan ta mama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata kusan 660,000 suka kamu da ita, kimanin 350,000 suka rasu, kashi 94 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita.

Ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke haddasa ta, ana kuma ɗaukarta ta wurin saduwa. Akasarin mutane, maza da mata, kan ɗauke ta a rayuwarsu, jiki ya kashe ta da kansa. Saboda haka kamuwa da ita ba shaidar lalata ba ce. Matar da ba ta san kowa ba sai mijinta na iya ɗauka. In ƙwayar ta zauna, takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara, ba tare da mace ta ji komai ba. Ga masu ɗauke da ƙanjamau haɗarin ya ninka sau shida.

Cikin waɗannan shekaru ne gwaji ke da amfani. Ungozoma kan shafa ruwan kal a bakin mahaifa, wurin da ya soma lalacewa sai ya yi fari, a ƙone shi cikin 'yan mintoci. Akwai kuma gwajin HPV da mace ke ɗaukar samfurin da hannunta. Shawarar hukumar ita ce a fara daga shekara 30, masu ƙanjamau daga 25.

Tun Nuwamban 2019 Kodebuwa ta sa allurar HPV cikin rigakafin yara, kyauta ga 'yan mata masu shekara 9. Nijeriya ta bi sahu a Oktoban 2023. Zancen cewa tana hana haihuwa ba shi da tushe. Cibiyar gashin ciwon daji da aka ƙaddamar a Cocody a Disamban 2017 ta rage wa marasa lafiya fita waje, amma jinya tana cin kuɗi da ƙarfi.

Ku magidanta, kuɗin mota da izinin fita a hannunku suke. Ku raka iyali asibitin unguwa su nemi gwajin, ku kai 'ya'yanku mata allura, tun kafin a fara ganin jini.