Ƙananan Halittun Ruwan Challawa

'Yan'uwa, sa'ad da mu ke yara mu kan daga dutse a bakin kogi mu iske dodon koɗi da ƙwarin ruwa da tsutsotsi birjik. Littafin Farawa ya nuna mana Allah ya yi halittun ruwa a rana ta biyar, su ma suna ciki. Su ne abincin tarwaɗa da ƙarfasa.

A Kano, ruwan dattin masana'antun Sharaɗa ya kan bi rafin Salanta zuwa kogin Challawa, inda na rukunin Challawa ma ke zuba. Na Bompai kuwa ya kan bi Getsi ya faɗa Jakara, can inda manoman rani ke ban ruwan alayyafo da latas. An fi maganar kuromiyam na majemai, amma akwai wani ƙarfen da ba a cika tunawa da shi ba, watau sanholo, irin na tukwanenmu. Kusan kashi 8 cikin 100 na ɓawon ƙasa shi ne, yana kwance cikin yumɓu ba ya cutar kowa. In ruwa ya yi tsami ƙwarai (majemai kuwa suna aiki da asid), sai ya narke. Daga nan ya kan manne wa ƙananan halittun a wurin numfashi, ya hana jikinsu riƙe gishiri, su mutu. In sun ƙare, kifi ya rasa abinci, masunci ya koma gida da koma wayam.

Alif ɗin da iyayenmu mata ke kwantar da ruwa da shi ma gishirin sanholo ne. Gurɓin da ya kwanta ƙarƙashin randa, gara a zubar da shi a rami, nesa da rafi.