Su a Kogunan Kudancin Kaduna

Kudancin Kaduna ba shi da teku, amma yana da ruwa. Daga duwatsun Kagoro ƙoramu ke gangarowa, har su zubo a Matsirga kusa da Kafanchan, ga kuma Kogin Gurara da dam ɗinsa, wanda aka gina don kai wa Abuja ruwan sha. Yawancin masu kama kifi a yankin manoma ne. Sai an kawar da amfanin gona ake ɗaukar koma da ƙugiya. Masunta na sana'a sun fi taruwa a bakin dam, inda tarwaɗa da karfasa ke samuwa rani da damina.

Rayuwar kifin ƙaramin kogi tana bin shekara ne. Da damina ruwa kan malala cikin fadama, kifi ya bi shi ya yi ƙwai. Da rani kuwa kogi kan tsinke, ya bar gurabu masu zurfi, kuma duk irin da zai hayayyafa baɗi yana cikin waɗannan gurabun. A nan ɓarna take aukuwa. Tun da can akwai masu daka majimfa su zuba a ruwa don kifi ya bugu ya taso. Da maganin ƙwari irin su gamalin ya shigo, sai abin ya wuce misali, domin ba ya barin babba, ba ya barin ƙarami, ga shi a ruwan nan mutane ke wanka, shanu ke sha. Ana kuma ja da gidan sauro a maimakon taru, a kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai yatsa ba. Maganin ciyawar da ruwan sama ke wankowa daga gonakin citta da masara shi ma cikin kogi yake ƙarewa.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta haramta su da guba, da nakiya, da lantarki, ta kuma ƙayyade faɗin idon raga. Sai dai jami'in gwamnati ba ya kwana a bakin kogi. Abin da ya riƙe kifin Kogin Matan Fada a Argungu kuwa shi ne rufe ruwa, babu mai shiga sai ranar da aka buɗe, kuma sarauta ce ke tsaron wannan ƙa'ida.

Kiwon tarwaɗa a tankin siminti yana rage wa kogi nauyi, amma tsadar abincin kifi ta fi ƙarfin ƙaramin masunci. Hanya mafi araha ga ƙauyukan yankin ita ce masu sarauta su hana su a lokacin ƙwai, su keɓe wasu gurabu da rani, su ci tarar duk wanda ya zuba guba.