Taimakon Kamfanoni Wajen Koya wa Matasa Aikin Teku

Mafi yawan kayan da Nijeriya ke sayowa daga ƙasashen waje, da ɗanyen mai da iskar gas da take sayarwa, ta teku suke bi. Gaɓar tekun ƙasar nan ta kai kimanin kilomita 850, tun daga Badagry a yamma har zuwa iyakar Kamaru a gabas. Saboda haka wajibi ne a sami 'yan ƙasa waɗanda suka ƙware wajen tuƙa manyan jiragen ruwa da gyaran injunansu. Wannan aiki kuwa ya fi ƙarfin Gwamnati ita kaɗai, domin jiragen da ake koyo a cikinsu a hannun kamfanoni suke.

Asalin Al'amarin

Taimakon kamfanoni a wannan fanni ya daɗe. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Lawrence Holt na kamfanin jiragen Blue Funnel da ke Liverpool ya lura cewa idan aka nutsar da jirgi, samarin matuƙa sun fi dattawa saurin halaka, saboda rashin sabo da wahala. Shi ya sa a 1941 ya ba da kuɗi da ma'aikata, ya haɗa kai da wani malami, Kurt Hahn, suka buɗe makarantar Outward Bound a Aberdyfi ta ƙasar Wales. A can aka riƙa koya wa matasa tuƙa ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska, da ceton rai, da juriya.

Irin wannan horo ne aka fara a 1951 a Man O' War Bay, kusa da garin Victoria wanda yanzu ake kira Limbe a Kamaru. Daga nan Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci ta samo tushe, wadda ke da makarantar teku a Apapa da ta tsauni a Shere kusa da Jos.

Inda Matsalar Take

Gwamnatin Tarayya ta kafa makarantar koyon aikin jiragen ruwa a Oron a 1977, kuma a 2008 hukumar NIMASA ta fara tura matasa karatu ƙasashe irin su Masar da Indiya da Filifin. Amma karatun aji bai wadatar ba. Bisa yarjejeniyar ƙasashen duniya ta 1978 kan horar da ma'aikatan jiragen ruwa, da gyare-gyaren da suka biyo baya, sai ɗalibi ya yi aƙalla wata 12 yana aiki a cikin jirgi a teku kafin ya sami takardar shaidar zama hafsa mai kula da tuƙi.

A da, jiragen kamfanin ƙasa na NNSL ne ke ɗaukar ɗaliban. Da aka rushe kamfanin a 1995, sai matasa da yawa suka gama karatu suka zauna a gida shekara da shekaru, ba gurbi ba takarda.

Abin da Kamfanoni Ke Yi

Kamfanin iskar gas na NLNG da ke Bonny misali ne. Yana da jiragen dakon gas, yana kuma ɗaukar ɗalibai 'yan Nijeriya su yi zamansu na teku a ciki. A 2013, da aka ba Samsung da Hyundai na Koriya ta Kudu kwangilar ƙera sababbin jirage 6, an sanya sharaɗin koya wa ɗaruruwan matasan Nijeriya sana'ar ƙera jirgi. Kamfanin da ya yi haka kansa ya yi wa, domin a gobe zai sami ƙwararrun ma'aikata a gida.

Kira ga Jama'a

Ana kira ga sauran kamfanonin mai da na sufuri da su ware gurabe a jiragensu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyaye kuma su sani cewa aikin teku na kowane ɗan ƙasa ne, ko daga Sakkwato ya fito ko daga Kalaba. Abin da ake bukata shi ne sakamako mai kyau a Turanci da Lissafi da Kimiyya, da ƙoshin lafiya, musamman ta ido. Kafin a biya wa yaro kuɗin makaranta, a tabbatar hukuma ta amince da ita, a kuma tambayi inda ɗalibanta ke samun gurbin zaman teku.