Gilashin Kyamara: Riƙon Kamfani Ɗaya Da Lissafin Riba A Sana'ar Hoto

JALINGO: A unguwar Sintali da ke cikin garin Jalingo, hedkwatar Jihar Taraba, sana'ar ɗaukar hoto ta dogara ne a kan bukukuwan aure da suna da walimar sauka da tarurrukan siyasa. Mai hoto a nan, kamar takwaransa na Kano ko Legas, akan san shi da kamfanin da ya riƙe: wannan ɗan Canon ne, wancan ɗan Nikon, wani kuma ɗan Sony. Sukan yi musu a kan haka tamkar magoya bayan ƙungiyoyin ƙwallo, amma tushen al'amarin kuɗi ne.

Dalili kuwa shi ne, kowane kamfani yana ƙera bakin kyamararsa, wato wurin da ake ɗaura gilashi, ta yadda gilashin wani kamfani ba zai zauna a kai ba sai da mahaɗi. Jikin kyamara kan tsufa cikin 'yan shekaru, amma gilashi mai kyau yakan daɗe yana aiki in an kula da shi. Saboda haka wanda ya tara gilasai uku ko huɗu na kamfani guda ya riga ya ɗaure jarinsa, domin sauya sheƙa na nufin ya karyar da su a kasuwar kayan hannu, ya sake sayen wasu.

Tarihi ya nuna cewa kamfanonin da kansu sukan sauya wannan baki. Nikon ya fito da bakin F a 1959, ya riƙe shi shekaru da dama. Canon kuwa ya yi watsi da bakin FD a 1987 ya koma EF, abin da ya bar masu tsofaffin gilasai da asara. A 2013 Sony ya fito da kyamarar A7 marar madubi a ciki, sannan a 2018 Canon ya fito da bakin RF, Nikon kuma ya fito da bakin Z. Tun daga nan tallace-tallace suka karkata ga nuna wa mai hoto cewa kayan da ke hannunsa sun zama tsohon yayi.

Akwai dalilin tattalin arziki a bayan wannan tallar. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamarori ta Japan sun nuna cewa an fitar da kyamarori kimanin miliyan 121 zuwa kasuwa a 2010, amma a 2023 adadin bai kai miliyan 10 ba, saboda wayar hannu ta ƙwace kasuwar ƙananan kyamarori. Kamfanin da masu sayensa suka ragu haka, dole ya nemi riba daga waɗanda suka saura, ta hanyar sayar masu da kaya masu tsada a kai a kai.

Ga mai hoto a Nijeriya, inda ba a ƙera kyamara ko gilashinta, wannan yayi yana zuwa ne da farashin dala. Kafin a saki darajar naira ga kasuwa a watan Yuni na 2023, dala guda a farashin hukuma tana wajen N460. A cikin 2024 ta haura N1,500. Ke nan gilashin dala 1,000 da lissafinsa ya kama N460,000 ya koma wajen naira miliyan ɗaya da rabi, ban da kuɗin fito da na dako daga Legas zuwa Jalingo. Kuɗin da ake biyan mai hoto a biki kuwa yana bin ƙarfin aljihun masu bikin ne, waɗanda su ma tsadar rayuwa ta matsa masu.

Duk da haka, sauyin ya buɗe wata ƙofa. Yayin da masu hoto a Turai da Amurka ke komawa ga sababbin kyamarori, tsofaffin gilasan EF da F suna kwararowa kasuwar kayan hannu da rangwame. Bugu da ƙari, Canon da Nikon duk suna sayar da mahaɗin da ke ba tsohon gilashi damar aiki a kan sabon jiki, kamfanonin Sigma da Tamron kuma suna ƙera gilasai masu sauƙin kuɗi.

Ba kowane sabon kaya ne ruɗi ba. Kyamarar Canon 5D Mark II ta 2008, wadda ta haɗa hoto da bidiyo mai inganci a jiki ɗaya, ta rage wa masu shirya fina-finai da masu ɗaukar biki kuɗin aiki ƙwarai a ƙasashe da yawa. Ma'aunin dai shi ne ko sabon kayan zai kawo aikin da tsohon ba zai iya ba.

Don haka kafin mai hoto a Sintali ya fitar da jarinsa, ya kamata ya lissafa yawan bukukuwan da zai ɗauka kafin gilashin ya mayar da kuɗinsa, da abin da zai samu in ya tashi sayar da shi, da kuma inda zai kai shi gyara in ƙurar hunturu ta shige shi. Amarya da ango, in an kawo masu hotunansu, haske da kyawun fuska suke dubawa, kuma a kan haka suke biyan cikon kuɗin.